Safar hannun Kawu: gyare-gyaren ƙarshe kafin difens

Asabar, 14 ga Yuni 2025

Abin, wato safar hannu mai inji da na haɗa wa Kawu a matsayin furojet ɗina na gama jami'a, yana aiki, wannan kam an wuce wurin. In ka ɗora shi a kan benci a lab ka danna, yatsu huɗu suna miƙewa suna komawa lafiya lau. Amma fa hannun katako ne a ciki, shi kuwa hannun katako ba ya gumi, ba ya jin zafi, ba ya alwala. Abin da ya rage mini daga yau zuwa difens, wato ranar kare furojet a gaban malamai, shi ne in mayar da shi abin da Kawu zai saka da kansa a unguwar Aboabo ta Kumasi ba sai ina tsaye a kansa ba.

Ga wanda bai san farkon zancen ba, Kawu wan mahaifiyata ne, tela ne, tun kafin a haife ni yake ɗinki a Zango. Bara hawan jini ya kayar da shi, shanyewar ɓarin jiki ta kama shi ta dama. Ƙafa ta dawo Alhamdulillahi, yana tafiya da sanda, magana ma ta dawo, hannun ne ya tsaya a dunƙule. Mutane da yawa in sun ji na'urar hannu sai su ɗauka ƙarfin riƙo za a ƙara masa, alhali matsalar Kawu buɗewa ce. In ka tura masa kofi cikin tafin hannu zai riƙe, amma sakin sai ya sa hannun hagu ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, saboda tsokokin da ke dunƙule yatsu sun ɗaure, masu miƙe su kuma ba sa amsa kira. Shi ya sa tawa safar aiki ɗaya take yi, ta buɗe. Zare ya bi bayan kowane yatsa daga kansa zuwa wuyan hannu, ya shiga bututun birkin keke, ya gangara har jakar da ke ƙugu inda sarbo biyu suke, wato ƙananan injuna masu juyawa su ja zare, ɗaya yana jan manuni da na tsakiya, ɗaya yana jan sauran biyun. In sarbo ya saki zare hannun shi ke rufe kansa da ɗan ƙarfin da ya rage masa.

Dalilin kai komai ƙugu nauyi ne. Sarbo MG996R guda ɗaya giram 55 ne, batir 18650 guda ɗaya wajen giram 45, biyu-biyu ka ga giram 200 kenan tun ba a zo kan akwati da wayoyi ba, kafaɗar Kawu kuwa dama ta yi sanyi, Madam ta fisiyo tun ranar farko ta ce kar in rataya wa hannun nan komai da ya wuce dole.

Talata, 17 ga Yuni

Yau zare. Zaren fatsa na naila da ke ciki tun farko yana miƙewa, da safe ka saita yatsu suna buɗewa cif, kafin la'asar manuni ya fara tsayawa a rabi don zaren ya ƙara tsawo. Na canza zuwa zaren fatsa mai saƙa, shi ba ya miƙewa irin haka, sai dai yana da kaifi, cikin ɗan lokaci ya fara yanka ƙananan hanyoyin robar PLA da na buga da firinta mai 3D a bayan yatsu har ya yi musu gurbi. Maganin da ya zauna shi ne bututun PTFE irin na firinta mai 3D, milimita 4 a waje 2 a ciki, na yayyanka shi gajeru na cusa a kowace hanya, zaren yanzu yana zamewa ba ko ƙara.

Bututun birkin ma na rage masa lanƙwasa. Kowane lanƙwasa yana cin ƙarfi, in ya bi ta bayan gwiwar hannu ya zagayo ta hammata sarbo sai ya yi ta gurnani kafin yatsa ya motsa. Yanzu ya bi gefen hannu ya sauka kai tsaye, da ɗan saki yadda in ya ɗaga hannu ba zai ja shi ba.

Asabar, 21 ga Yuni

Na cire sensar tsoka. Wannan shi ne hukunci mafi nauyi da na yanke a furojet ɗin gaba ɗaya kuma ina tsaye a kansa.

Tsarin farko shi ne EMG, ka manna faifai masu jel a sangalin hannu, in mutum ya yi niyyar buɗe hannu tsoka ta fitar da ɗan siginar lantarki, Arduino Nano, ƙaramin allon da ke zama ƙwaƙwalwar na'urar, ya karanta ta tsakanin 0 da 1023, in ta haura wani mataki sai sarbo ya ja. A hannuna yana aiki tsaf. A hannun Kawu kuwa siginar tana da rauni, sannan in ya yi yunƙurin buɗewa tsokokin dunƙulewa ma suna tashi tare, sai sensa ta rasa wanne za ta bi, wani lokacin tari kawai zai yi safar ta buɗe kofi ya faɗi. Ga daminar Kumasi, iska a jiƙe, shagon Kawu kwano ne, kafin azahar gumi ya ɓamɓare faifan. Ga wutar gida mai 50 Hz da ke shiga siginar duk lokacin da yaransa suka kunna dutsen guga ko keken lantarki a kusa. Faifan kuma ba a maimaita su yadda ya kamata, kullum sai sabo, wa zai riƙa saya masa bayan na gama makaranta?

Na fara gwada maɓalli a bel, ya danna da hagu. Nan ma akwai matsala, duk amfanin abin shi ne hannu biyu su yi aiki tare, in hagu yana can yana danna maɓalli toh me aka yi. Kawu ne ya warware, yana zaune yana kallona ya ce, "Kai yaro, shekara nawa ina tuƙa keke da ƙafa? Ba ni abin takawa mana." Ƙafar hagunsa lafiyarta ƙalau. Yanzu akwai feda a ƙasa mai waya da jak, taka ɗaya ya buɗe, taka na biyu ya saki zare hannu ya rufe, maɓallin bel kuma na bar shi don lokacin da yake tsaye ko tafiya.

Dokta sufabaiza ɗina ya tambaye ni ko na tabbata, don EMG ne abin da ke ɗaukar idon masu zama a difens, kuma gaskiyarsa ne. Na nuna masa bidiyon kofin da ke faɗuwa da na feda. Muka tsaya a kan cewa duk awon siginar da na ɗauka zai zama babi guda a rahoto, da bayanin dalilin da ya sa bai dace da wannan mara lafiyan a wannan yanayin ba. Ni a wurina na'urar da take buɗewa lokacin da mai ita bai so ba ta fi wadda ba ta da sensa hatsari, mutum zai riƙe shayi mai zafi da ita fa.

Alhamis, 26 ga Yuni

Kwana biyun nan a kan wuta na ƙare. Arduino yana mutuwa ya tashi duk lokacin da sarbo biyu suka ja tare, dalili kuwa MG996R in ya gamu da turjiya yana iya shan wajen amfiya 2.5 a bolt 6, biyu ka ga 5 kenan, shi kuma LM2596 da ke sauke wutar batir iyakarsa amfiya 3, sai bolt ya faɗi ƙwaƙwalwar ta ɗauke. Na sa XL4015 mai ɗaukar amfiya 5, na ƙara kapasita mai 1000 µF a bakin sarbo, na ba Arduino nasa layin daban, sannan a kod na sa sarbo na biyu ya ɗan jinkirta kafin ya bi na farko. Ya daina.

Amma abin da ya fi hana ni barci lissafin ƙarfi ne. Sarbo ɗin yana ba da wajen kilo 11 a nisan santimita 1 daga tsakiya a bolt 6, gargaren da zare ke naɗuwa a kai kuwa santimita 1.5 ne daga tsakiya zuwa baki, wato zai iya jan zare da ƙarfin kilo 7 da wani abu. Ko bututu ya ci wani kaso, abin da ya rage ya isa ya ji wa yatsun dattijo ciwo, ga shi jin da yake yi a hannun ya ragu, ba lallai ya ce wayyo da wuri ba. Madam ta yi mini bayanin da ya canza kod ɗin gaba ɗaya, ta ce irin wannan ɗaurewar tsoka da sauri take tafiya, in ka finciki yatsa da sauri tsokar sai ta ƙara ƙanƙamewa, in ka bi a hankali sai ta saki. Ta kama hannun Kawu ta nuna mini, ta ja da sauri ya turje, ta ja sannu sannu ya buɗe. Don haka yanzu buɗewa tana ɗaukar wajen daƙiƙa 4, digiri kaɗan kaɗan. Na sa INA219 a layin kowane sarbo yana auna wutar da yake sha, in ta haura iyakar da muka saita tare da Madam sai ya tsaya ya koma baya kaɗan. Ban yarda da kod shi kaɗai ba, akwai ƙulli a zare da ke tokarewa a bakin bututu yadda ko kod ya haukace yatsa ba zai wuce miƙewa ya lanƙwashe baya ba.

An ɗauke wuta cikin dare firinta tana tsakiyar buga murfin jaka. Dumso kenan, gobe a sake.

Laraba, 2 ga Yuli

Madogarin wuyan hannu ya karkace. Na PLA ne, ya yini a jaka kusa da gilas a torotoro, wato motar haya, daga Tek Jankshan, ga rana ta buɗe bayan ruwa, PLA kuwa daga wajen digiri 60 yake fara laushi. Abin da zai zauna a shagon kwano kusa da dutsen guga ba zai zama PLA ba. Ƙananan hanyoyin zare na sake buga su da PETG da ke jure zafi har wajen digiri 80, shi kuwa madogarin na ɗauke shi zuwa Suame Magazin, unguwar makanikai da maƙera ta Kumasi.

Duk wanda ke karatun injiniya a Kumasi bai taɓa kai zanensa Magazin ba yana cutar kansa. Wani masta mai aikin gwangwani ya karɓi zanen ya juya shi, ya ajiye, ya ce in kawo hannuna, ya ɗora guntun alminiyam a kai ya lanƙwasa da guduma ta roba a kan bututu yana gwadawa yana bugawa, ya goge bakin da fayil har ba inda zai karci fata. Amfanin alminiyam shi ne Madam za ta iya ƙara lanƙwasa shi da hannunta in hannun Kawu ya canza, na roba kuwa sai an sake bugawa.

Kusurwar ma sai da muka yi ta ja. In wuyan hannu ya ɗago sama jijiyoyin da ke dunƙule yatsu suna ƙara ɗaurewa, buɗewa ta yi wuya, in ya faɗi ƙasa yatsu suna saki amma riƙo ya mutu, gwada da naka hannun ka gani. Mun tsaya a kusan miƙe, da ɗan ɗagowa kaɗan. Babban yatsa kuma ban ba shi sarbo ba, nasa reshe ne na alminiyam mai soso da ke fitar da shi daga cikin tafin hannu ya tsayar da shi yana fuskantar manuni, don in ya kwanta a ciki ko sauran sun buɗe ba inda kofi zai shiga.

Asabar, 5 ga Yuli

Bayan awa ɗaya da safar a hannu na cire na ga ja a kan gaɓar manuni da gefen ƙaramin yatsa. Dokar da Madam ta ba ni ita ce in jan bai ɓace cikin minti 20 ba toh wurin yana matsewa, a gyara kafin a sake sakawa. Na manuni ya ɓace, na ƙaramin yatsa ya zauna.

Kawu ya ce a juya masa safar ciki waje. Ya bi ɗinkin da babban yatsansa na hagu, ya tsaya daidai wurin, ya ce, "Wa ya koya maka barin kalmasa a ciki? Ɗinkin da zai kwanta a fata waje ake juya shi." Daga nan aikin ya fita daga hannuna. Ya kira babban yaronsa, ya sa aka kawo alli da tef, ya auna hannun nasa da kansa yana faɗa yaro yana rubutawa, ya ce a cire robar nan mai kauri da na saya don tana dafa hannu, a yi bayan da yadi mai ƙarfi a yi masa shafi da auduga mai laushi, tafin hannu a bar shi a buɗe fata ta taɓa abin da ya riƙe. Yaron yana ɗinki yana "Masta, haka?" shi kuma yana "ƙara matso da shi, kar ka ja yadin." Tun da ciwon nan ya same shi ban ji muryarsa a shagon irin ta yau ba, wallahi sai da na fita waje na ɗan tsaya.

Sabuwar ta fi tawa ta kowace fuska. An yi guda biyu don a wanke ɗaya a saka ɗaya, hanyoyin zaren kuma a kan wani ɗan faifai suke da ake ɓallewa kafin wanki.

Juma'a, 11 ga Yuli

Alwala. Duk takardun da na karanta a kan irin waɗannan na'urori suna maganar ƙarfi da nauyi da batir, ni kuwa abin da zai yanke ko Kawu zai yi amfani da ita ko ta ƙare a ƙarƙashin gado shi ne buta. Hannu sai an wanke shi har gwiwa, ko ya riƙe alwala ɗaya ya yi salla biyu da ita dole a cire a mayar sau da yawa a yini, ga cin abinci ga wanka. In kowane cirewa sai an kira Anti ko yaran shago, kwana kaɗan zai ce a bar shi, na san halinsa, mutum ne da bai saba a yi masa ba.

Safa irin wadda aka sani, mai ramin yatsu, ba ta shiga dunƙulallen hannu, kana tura ɗaya ɗaya yana fita. Abin da muka yi shi ne kowane yatsa yana da 'yar hula a kai da maɗauri ɗaya na Velcro a gaɓar tsakiya, duk a buɗe ta ciki. Yana ɗora hannun a cinya, ya fara ɗaura madogarin wuyan hannu, sannan ya ɗaga yatsa ɗaya da hagu ya sa masa hula ya manne, ya wuce na gaba. A bakin kowane maɗauri yaron Kawu ya ɗinka zobe na yadi da yatsa zai shiga ya ja, kuma launi daban daban don kar a haɗa na manuni da na tsakiya. A kod na ƙara yanayin sakawa, in ya riƙe maɓallin bel na ɗan lokaci sarbo ya saki zare gaba ɗaya yadda hulunan za su kai kan yatsu ko a dunƙule suke.

Yau kafin masallaci na zauna nesa na ce ba zan taɓa ba. Cirewa ba wuya. Mayarwa ya ɗauki lokaci, ƙaramin yatsa ya yi ta zillewa, na ga ransa ya fara ɓaci, Anti ta miƙe za ta taimaka ya ce "bar ni." Ya saka. Hular ƙaramin yatsa tana son ƙarin zurfi, shi ne gyaran gobe. Na kuma roƙe shi ya riƙa shanya hannun sosai da tawul kafin ya mayar, musamman tsakanin yatsu da cikin tafi, don damshi a dunƙulallen hannu yana cin fata. Jakar ƙugu ba ta shiga ruwa amma na toshe bakin wayoyi da silikon saboda fantsalin buta.

Lahadi, 13 ga Yuli

Gwaji a gaban Madam, bayan na sake karanta wa Kawu takardar amincewa da Hausa kamar yadda kwamitin ɗa'a na jami'a ya tanada, ya ce ya ji ya yarda. Mun yi gwajin akwati da 'yan katako, wanda ake ɗaukar katako mai faɗin santimita 2.5 a tsallakar da shi katangar tsakiya a saki, a ƙirga nawa aka tsallakar cikin daƙiƙa 60. Wani kafinta a Asawase ne ya yanka mini su. Ba safa, yana iya danne katako a tafi amma ba ya faɗuwa sai ya fizge da hagu, wato ba a ƙirga ko ɗaya. Da safa ya tsallakar da 'yan kaɗan, ba su kai goma ba, kuma ba za su taɓa yin yawa ba tunda kowace buɗewa daƙiƙa 4 ce. Haka zan rubuta shi a rahoto ba ƙari.

Abin da ya fi katakon muhimmanci a wurina shi ne aikin shago. Ya danne yadi da dama yana zana alli da hagu. Ya riƙe kan tef. Ya riƙe ledar ruwa ya sha ya ajiye ba tare da ta fashe a hannunsa ba. Ya riƙe carbi da dama yana ja da hagu. Abin da ba ta yi kuma a faɗe shi, ba ta ba shi almakashi ba, ba ta ba shi allura ba, loma ta tuwo ba ta yiwuwa da ita, kuma ba magani ba ce, in an cire hannun yana komawa yadda yake. Madam ta jaddada masa a gabana cewa motsa jikin da take ba shi yana nan daram, safar ƙari ce a kai.

Akwai abu ɗaya da babu shi a kowane gwaji. A garin nan, Zango ko cikin Asante, ba a miƙa wa mutum abu da hagu, in dole ta sa sai ka ba da haƙuri, shi kuwa Kawu shekara guda kenan yana ba kwastoma haƙuri a kan kowane canji da zai miƙa. Da yamma wani ya zo karɓar ɗinki, Kawu ya sa kuɗin canji a dama, ya miƙa, ya taka feda, kuɗin ya sauka a hannun mutumin. A hankali ne, mutumin sai da ya jira, amma ya jira.

Juma'a, 18 ga Yuli

Batir, tunda zan bar masa ita ta kwana a gidansa. Biyu ne a jere, bolt 7.4, in sun cika 8.4. Masu sayen 18650 a kasuwa ku lura, na gaskiya ba ya wuce wajen 3500 mAh, duk wanda aka rubuta masa 9900 ƙarya ce, ɗauke shi ma za ka ji ba nauyi. Nawa na auna su da kaina kafin in saka. Akwai allon kariya da ke hana cikawa fiye da kima da zuƙewa har ƙasa, akwai fiyus, kuma caja guda ɗaya tak mai bolt 8.4 wadda bakinta ba ya shiga wayar kowa a gidan, don na san yadda caja ke yawo a gidan haya. Na ce wa Anti a cire jakar daga jiki kafin a sa caji, kar a bar ta a kan katifa, kar a kwana da ita a wuta.

Na ƙara abin ƙirga a kod, duk buɗewa yana ajiyewa a EEPROM, ma'ajiyar Arduino da ba ta gogewa in an kashe wuta, amma ba kowane taku yake rubutawa ba sai an tara, saboda wurin yana da iyakar rubutu wajen sau 100,000. Na gaya wa Kawu akwai shi, ban son ya zama leƙen asiri. Ya ce, "Toh ka ƙirga, ɗana." Umarnin duka na rubuta da Hausa a kwali ɗaya da manyan baƙaƙe, an manna a bangon shago.

Talata, 22 ga Yuli

Na koma yau. Lambar da ke ciki ta nuna an yi amfani da ita sosai, yaran shago kuma sun ce da safe yake sakawa, ya cire da azahar, ya mayar bayan la'asar, da daddare ba ya so. Fata lafiya, ba ja a ko'ina, Madam ta duba hotunan ta ce a ci gaba amma kar ya wuce awa biyu a jere ba hutu.

Abubuwa biyu sun fito da ba za su taɓa fitowa a lab ba. Wayar feda ta tsinke a wuyan jak don kujerarsa tana taka ta, jiya da maɓallin bel ya ƙarasa yini, zan sa waya mai kauri da sifirin a wuyan sannan a bi da ita ta bayan ƙafar tebur. Na biyu ƙarar sarbo, ya ce a shago ba komai amma a cikin mutane kowa sai ya juyo, shi ya sa bai fita da ita gaisuwar rasuwa ba ranar Lahadi. Zan liƙa soso a cikin jaka in ga iya abin da zai rage, in bai isa ba sai a rubuta shi a cikin aikin da ya rage wa na baya, don canza irin injin a wannan lokacin yana nufin sake lissafin komai.

Masu zama a difens za su so ganin na'urar a tebur, ni kuma ba zan karɓe ta daga hannun Kawu na mako guda don haka ba. Akwai ragowar PETG, safa ta biyu tana nan, sarbo biyu ne babu. Gobe da safe kasuwar Adum neman sarbo da jak, daga nan Magazin wurin masta ya lanƙwasa mini madogari na biyu, babi na huɗu kuma Dokta yana jiransa ranar Juma'a.